An gyara motar, wutar inji ta mutu, amma gwajin hayaƙi ya ce ba ta shirya ba

Tambaya ce daga wani ɗan uwa mazaunin Bronx a birnin New York. Yana da Toyota Camry ƙirar 2009 mai silinda huɗu. Wutar gargaɗin inji ta kama a dashbod, bakanike ya jona na'ura ya ga lambar matsala P0420, wadda ta shafi matatar hayaƙi, ya canza masa sansan salansa na baya, wato ɗan abin da ke auna oksijin a cikin hayaƙi, ya goge wutar. Washegari ya kai motar gwajin shekara, aka ce ba ta tsallake ba, wai ba ta shirya ba, alhali babu wata wuta da ke kunne. Wani abokinsa ya ce ya cire kan batir ya bar ta ta kwana, wani kuma ya ce ya zuba mata tafiyar mil 100 ya koma. Yana so ya san wanne zai bi, ga shi takardar shaidar gwajin da ke manne a gilashi ta kusa ƙarewa.

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, ka bar kan batirin nan inda yake, kuma kada ka bari kowa ya sake goge maka komai da na'ura. Shawarar abokinka na farko ita ce za ta mayar da kai gidan jiya. Ta biyun da ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, sai dai ba yawan mil ake ƙirgawa ba.

Tun daga ƙirar 1996, duk ƙaramar motar fetur da ake sayarwa a Amurka tana ɗauke da tsarin OBD-II, wato ƙwaƙwalwar motar ce da kanta take sa ido a kan duk abin da ya shafi hayaƙi. Shi ya sa a New York ba a cusa wa irin motarka bututu a salansa. Mai gwajin zai duba da ido ya ga kayan tace hayaƙi suna nan, sannan ya jona kwamfutarsa a soket ɗin nan mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya karɓi bayani daga bakin motar. Kwamfutar tana son sanin ko motar ta ba da umarnin kunna wuta, da lambobin matsalar da ta ajiye, da kuma ko ta kammala gwaje-gwajen da take yi wa kanta. A wannan na ƙarshen ka maƙale.

Gwaje-gwajen nan kashi biyu ne. Akwai uku da ke gudana kowane lokaci muddin inji na aiki: na tsallen wuta a silinda, na rabon mai, da na lafiyar wayoyi da sansoshi. Waɗannan ba su cika ba da wahala ba. Sauran kuwa sai an cika musu sharuɗɗa suke tashi: na matatar hayaƙi, wadda makanikanmu na gida ke kira indomi, na sansoshin salansa, na hitar da ke cikin sansoshin, da na tururin fetur a tanki. Wasu motocin suna da ƙarin na EGR, wato tsarin da ke mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, da na famfon iska. Duk lokacin da aka goge lamba da na'ura, ko aka cire batir, ba wutar kaɗai ke tafiya ba, sakamakon waɗannan gwaje-gwajen ma gaba ɗaya yake sharewa. Da gangan aka tsara haka, don kada mutum ya tsaya a bakin ƙofar tashar gwaji ya kashe wuta ya shiga. Motarka kamar ɗalibi ce da aka yaga takardar sakamakonsa: ba a ce ya faɗi ba, amma babu shaidar ya ci, sai ya sake zama.

Ba dole sai duka sun kammala ba. A New York, kamar yadda hukumar kare muhalli ta Amurka ta shimfiɗa, motar 1996 zuwa 2000 ana yafe mata biyu da ba su gama ba, ta 2001 zuwa sama kuma ɗaya tak. Taka ta 2009 ce, don haka ɗaya kake da shi. Yawanci na tururin tanki ne ake bari a baya, domin shi ya fi kowanne taurin kai.

Abin da zan ce ka fara yi shi ne ka sayi ƙaramar na'urar karanta OBD taka ta kanka. Akwai mai waya da ɗan allo, akwai wadda ake haɗawa da wayar hannu ta Bluetooth, kuma masu araha ba su kai kuɗin cika tanki ɗaya ba. A cikinta ka nemi wurin da aka rubuta I/M Readiness. Zai jero maka gwaje-gwajen, kowanne da alamar ya gama, bai gama ba, ko motar ba ta da shi. Da wannan ka huta da zuwa tashar gwaji kana addu'a a zuci. Hattara dai da maɓallin gogewa, kusa yake da na karantawa a yawancinsu, kuma dannawa ɗaya ta isa ta rushe aikin mako guda.

Yanzu tuƙin. Mutum zai iya yin mil 300 tsakanin Fordham Road da Grand Concourse, daga wannan danja zuwa waccan, gwajin indomi bai ko motsa ba. Wani kuma ya gama shi a minti 20. Dalili shi ne gwajin yana son inji mai zafi, gudu madaidaici, da ƙafa a tsaye a kan totur na tsawon mintuna. A cikin birnin da iyakar gudu take mil 25 a awa, ga cunkoson babbar hanyar Cross Bronx, ina za a samu wannan? Sai ka fita.

Ka zuba mai ya tsaya tsakanin kwata da kashi uku cikin huɗu na tanki. Ka bar motar ta kwana, aƙalla awa 8, don ruwan inji ya huce ya yi daidai da iskar waje. Da safe ka tayar da ita ba tare da ka bar makulli a kunne na wani lokaci ba, ka bar ta tana aiki a tsaye minti biyu zuwa uku. A nan ne ake gwada hitar sansoshi. Sai ka ɗan zaga cikin unguwa har allurar zafi ta kai inda ta saba tsayawa, sannan ka hau babbar hanya. Safiyar Lahadi ta fi, ka kama Sprain Brook Parkway ko I-87 ka yi arewa. Ka tsayar da gudu wajen mil 55, ka riƙe shi haka minti 10 zuwa 15, ba ƙarawa ba ragewa. Ga Toyota irin taka, ko'ina tsakanin mil 40 da 70 ya yi, abin da ake so shi ne kada ƙafar ta riƙa rawa. Daga nan, inda babu mota a bayanka, ka ɗage ƙafa gaba ɗaya daga totur, kada ka taka birki, ka bar motar ta gangara da kanta daƙiƙa 10 ko fiye. A wannan lokacin ƙwaƙwalwa tana yanke mai ɗungurungum, iska zalla ke bi ta salansa, sai ta duba ko sansan baya ya lura da canjin da sauri. Ka maimaita wannan sau uku. Ka dawo ta cikin gari da 'yan tsaye-tsaye, ka faka, ka duba na'urarka kafin ka kashe. In da saura, gobe a sake, daga inji mai sanyi. Kwana biyu zuwa uku na irin wannan ya kan wadatar idan motar lafiyarta ƙalau.

Na tururin tanki labarinsa daban ne, kuma a motarka ba a kan hanya yake kammaluwa ba. Toyota na waɗannan shekarun suna da ɗan famfo a kusa da tanki wanda ke tashi da kansa bayan kamar awa 5 da kashe mota. Yana zuƙe iskar tanki ya ga ko tana riƙewa, yana neman huji ko da faɗinsa rabin milimita ne. In ka taɓa wucewa ta bayan motar da tsakar dare ka ji wani siririn ƙugi na 'yan mintuna, shi ne, ba aljanu ba ne. Idan kana tayar da motar kowace awa biyu ba zai samu sarari ba. Haka idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 4 ko 5 a ma'aunin Salshiyas, ba ya tashi, shi ya sa a Janairu da Fabrairu mutanen New York kan yi makonni suna jiransa. Tunda an yafe maka ɗaya, kada ka ɓata lokaci a kansa. Ka dai tabbatar murfin tanki ya ɗaure har ya yi ƙara, robar bakinsa ba ta tsage ba, kuma ka daina ƙara matsa mai bayan famfon gidan mai ya tsaya da kansa, domin rarar tana gangarawa cikin gwangwanin gawayin da ke tsotse tururi ta lalata shi.

To, wannan duk hanyar sa motar ta sake gwada kanta ce. Abin da gwajin zai faɗa kuma daban. Kuma gaskiya, Malam, ina da shakku a kan gyaran da aka yi maka.

P0420 ba ta ce sansa ya lalace ba. Cewa ta yi aikin indomi ya yi ƙasa da yadda ake so. Ga yadda motar ke ganewa. Akwai sansa ɗaya kafin indomi, ɗaya bayansa. Inji yana ƙoƙarin riƙe awon iska 14.7 a kan mai 1, yana ɗan haurawa yana ɗan saukowa. Lafiyayyen indomi yana ajiye iskar oksijin a jikinsa ya sake ta lokacin da ake buƙata, don haka duk wannan hawa da saukar yana shanye ta, sansan baya ya ga abu a kwance, wajen bolt 0.6 zuwa 0.7. A Toyota ƙwaƙwalwar ma da gangan take ƙara mai ta rage, ta ƙirga tsawon lokacin da sansan baya zai ɗauka kafin ya ji. In ya ji nan take, to indomin ya daina riƙe komai. Ka ga ke nan sansan baya shaida ne kawai. Idan shi ne ya mutu, lambobinsa daban suke, irin su P0136 zuwa P0141. Tsohon sansa da ya yi nauyin jiki ma ɓoye laifin indomi yake yi, sabo kuwa tona shi yake da wuri. Na sha ganin an canza sansa a kan P0420, mai mota ya yi murna kwana huɗu, ranar da gwajin indomi ya samu ya gudana wutar ta dawo.

Akwai abin da zai nuna maka tun kafin wutar ta kama. Irin wannan lambar sai motar ta ga laifin a tafiya biyu a jere take kunna wuta. A karon farko ajiye ta take a matsayin lamba mai jiran tabbaci, kuma na'urarka za ta nuna ta. Saboda haka bayan kowace fita ka duba can ma. In ka ga P0420 tana jira, to ka san inda aka dosa, kada ka ƙara ƙona mai a banza.

Idan ta dawo, kada a yi saurin yanke indomi. A fara ɗaga motar a duba yoyon salansa tun daga bakin inji har zuwa sansan baya, musamman wurin nan mai kama da saƙar ƙarfe da ke lanƙwasawa, da bakin gaskit. Gishirin da ake watsawa a titunan New York lokacin ƙanƙara yana cin salansa ba kaɗan ba, kuma ɗan huji kusa da sansa ya isa ya jawo iska ya rikita lissafi. Baƙin toka a gefen haɗi alama ce. A duba gyaran rabon mai na dogon zango a na'ura: in ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai abin da ke damun injin, ko iska na shiga ta inda bai kamata ba, ko nozul na ɗiga. A tabbatar sansan da aka sa na kamfanin Denso ne ko makamancinsa da aka yi don wannan motar, domin Toyota ba ta jituwa da sansan nan na kowa-da-kowa da ake yanke waya a haɗa. Bakanike mai na'ura babba zai iya buɗe sashen da ake kira Mode 6 ya ga ainihin makin da indomi ya samu da iyakar da aka sa masa. Wanda ya faɗi da ɗan kaɗan daban, wanda ya mutu murus daban.

Sannan a tambayi abin da ya kashe shi, domin indomi ba ya cika mutuwa haka kawai. Injin 2.4 na Camry daga 2007 zuwa 2009, wato 2AZ-FE, ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda zoben fistin. Toyota da kanta ta amsa matsalar, ta buɗe shirin gyara ga injin da ke shan fiye da kwat ɗaya, wato kusan lita ɗaya, a mil 1,200, sai dai wa'adin shirin ya wuce ga motar 2009. Baƙin man da ke ƙonewa yana barin sinadarin fosfaras a kan 'yan ramukan indomi ya lulluɓe farin ƙarfen da ke yin aikin. Ka ja sandar awon mai yau, ka sa alama, ka sake ja bayan mil 500. Ka kwance fulogi ɗaya ka duba bakinsa: in ya tara datti fari-fari mai kauri ko ya jiƙe da mai, ka samu amsa. Fulogi ko koyil mai tsallen wuta shi ma yana tura ɗanyen fetur cikin indomi ya ƙone a can har ya narkar da shi. Wanda ya sa sabo bai magance wannan ba, baɗi war haka zai sake saye.

Wani abu da ke hana gwaje-gwajen tashi, kuma mutanenmu ba sa kawo shi a rai, shi ne tamostat, ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. A gida an saba cire shi a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai don zafin ƙasarmu. Ko a Kano ban yarda da wannan ba, balle a inda ake ƙanƙara. Ƙwaƙwalwar mota ba ta lissafa cewa inji ya ɗumama sai ruwa ya haura da digiri 22 daga inda ya tashi kuma ya kai aƙalla 71, gwajin indomi kuma ya fi son sama da haka. Tamostat da ya maƙale a buɗe zai sa ka yi ta zarya a babbar hanya ruwa na wajen 65, babu abin da zai kammala. Ka duba zafin ruwa a na'urarka kana cikin tafiya, ya kamata ka gan shi tsakanin 80 da 95. Raunin batir ma haka: in ƙarfinsa na faɗuwa sosai lokacin tayarwa, wasu motocin mantuwa suke yi kamar an cire kan.

In ta tabbata indomi ne, ga abin da ya shafi aljihu. Dokar tarayya ta tilasta wa kamfanonin mota garantin shekara 8 ko mil 80,000 a kan indomi da ƙwaƙwalwar inji. Taka ta wuce nan, amma mai karatu da ke da sabuwa ya je wurin dila kafin ya kashe ko sisi. Jihar New York, kamar Kalifoniya da Kolorado, ba ta yarda a sa indomin kasuwa ba sai mai shaidar CARB, wato hukumar kula da iska ta Kalifoniya, da lambar a buge a jikinsa. Ya fi tsada, amma dalilin tsadar shi ne yawan filatinam da faladiyam da rodiyam da ke ciki. Mai arahar da ake turowa ta intanet sau da yawa wata shida yake yi P0420 ta dawo.

Za a kawo maka gajerun hanyoyi, na sani. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a janye sansan baya daga hanyar hayaƙi don ya daina gani. Wannan taɓa kayan hayaƙi ne, dokar tsaftar iska ta Amurka ta haramta, kuma mai gwajin da ya leƙa ƙasa zai iya kayar da motar a kansa. Akwai ruwan kwalba da ake zubawa a tanki. In indomin datti ne kawai ya ɗan taru masa kuma da ƙyar ya faɗi, wani lokaci a dace, amma wanda ya narke ko mai ya lulluɓe shi babu kwalbar da za ta tashe shi. Akwai kuma mai cewa ka kawo wani abu ya fito maka da takarda ba tare da motar ta je ba. Kwamfutar gwajin tana aika wa hukumar motoci ta jiha bayanan da ta karanta daga ƙwaƙwalwar motar, kuma da irin wannan ake kama masu jona wata mota a madadin wata. Baƙo a ƙasar mutane ba shi da buƙatar wannan rigimar a kan takardar gilashi.

Hanyoyin halal suna nan. Idan takardarka ta ƙare kuma rashin shiri ne kaɗai ya kayar da motar, New York na ba da ƙarin kwana 10 sau ɗaya don ka samu ka tuƙa ta, ka tambayi tashar da ta yi maka gwajin. Idan kuma an yi gyara na gaskiya, an sake gwaji ta sake faɗuwa, akwai sassaucin shekara guda ga wanda ya kashe aƙalla dala 450 a kan gyaran da ya shafi abin da ya kayar da ita, muddin ta ci sashen lafiyar birki da taya da sauransu kuma kayan hayaƙinta duk suna nan. Saboda haka ka adana kowane rasit, ka tabbatar an rubuta lambar matsalar da lambar motar a jiki, kuma ka tambayi tashar waɗanne ne za su shiga lissafi kafin ka biya kuɗin wani aikin.

Masu motar 2010 zuwa sama su san cewa tasu tana da ƙarin wata lamba ta dindindin wadda na'ura ba ta gogewa, cire batir ma ba ya taɓa ta. Motar ce kaɗai ke share ta bayan ta sake gwajin ta ga an gyara. Kalifoniya ta fara kayar da mota a kanta tun Yulin 2019, sai in an yi mil 200 da ɗumamar inji sau 15 tun bayan gogewa. 'Yan uwa na Ingila kuma nasu gwajin na MOT har yanzu da bututu a salansa ake yi wa motar fetur, ana ɗaga inji zuwa juyi 2,500 zuwa 3,000 a minti a auna, don haka su abin da ya fi muhimmanci shi ne su isa da inji da zafinsa, kuma wutar inji a kunne faɗuwa ce tun 2018.

Ranar da na'urarka ta nuna saura ɗaya ko babu, kuma babu lamba mai jira, a ranar za ka je, kada ka ce sai Asabar. Ka yi tafiyar minti 15 kafin ka isa, ka sake dubawa a bakin tashar, ka gaya wa mai gwajin cewa an yi gyara kwanan nan kada ya goge komai. In kuwa ka yi mako guda kana wannan tuƙin gwajin indomi bai kammala ba kuma babu lamba ko ɗaya, to wani abu ne ke tare masa hanya. Ka turo mini zafin ruwan da ka gani a kan babbar hanya, da alkaluman gyaran rabon mai, da sunan sansan da aka sa, da jerin waɗanda suka gama da waɗanda ba su gama ba, sai mu san ta inda za a kama.